Ko rashin kunya ne ɗaliba ta ja da farfesa?

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kin ce malamin da ke duba kundinki ya maido miki babi na biyu jajir da biro, wai kin jera maganganun mutane amma bai ga taki ba. Shi ne kike tambayar kawunki ko ba fitsara ba ce yarinya ta ce farfesa bai yi daidai ba, alhali a gida ko sunan babba an hana ki kamawa.

Wa ya gaya miki magabata ba su ja da juna? Ga Gwandu nan kusa da ke. Malam Abdullahi ƙanen Shehu ne, almajirinsa ne kuma, amma ya saɓa masa a rubuce kan kaɗe-kaɗe da laƙabin sarauta da tufafin ƙawa, Shehu ya amsa masa a rubuce, zumunci bai ɓaci ba. Muhammadu Bello kuwa, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, sai da ya kawo wasiƙar Alkanemi na Barno yadda take, da zafinta, sannan ya bi ta da amsa. Dattawanmu kan ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A ƙuruciyarmu, idan almajiri ya gama kwafe littafi, aiki bai ƙare ba sai an yi muƙabala. Bayan la'asar za a shimfiɗa buzu a zaure, ɗaya ya riƙe asali yana karantawa da ƙarfi, ɗaya ya ɗora yatsa a kan kwafi yana bi. Takardun warwara ne, ba ɗinki, shi ya sa a gindin kowace ake rubuta kalmar farko ta mai bi mata, don ko iska ta watsa su a san jerinsu. In an tsallake kalma ba a kankarewa. A ɗan ja alama a wurin, a rubuta kalmar a gefe, a sa "sahha", wato daidai ne, kusa da ita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ido ya yi tsalle daga kalma zuwa irinta a layi na gaba, layi guda ya salwanta, kuma mai kwafi ba zai taɓa gane shi da kansa ba sai kunne ya kama. In kuwa asalin ne ake zargi, ba a taɓa shi. Ana barin maganar mai littafi a inda take, mai kwafi ya rubuta tasa fahimtar a gefe da ƙananan baƙaƙe, kowa ya ga wannan tasa ce, waccan ta wani. Yau yaro ya kwaso shafi uku daga intanet ya manna, ko karantawa bai yi ba, sai Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ta tona shi ya ce an yi masa hassada. Zanen aro ba ya rufe katara, haka kakanninki ke cewa.

To, ga babinki. Kowace maƙala kika karanta, ware mata takarda guda: sunan marubuci na ƙarshe, shekara, inda ya yi binciken, mutum nawa ya tambaya, ta wace hanya, me ya samu, da lambar shafi. A ƙasa ki bar layi biyu na abin da bai taɓa ba. Layukan nan biyu su ne muryarki da malaminki ke nema. Kada ki jera babin mutum bayan mutum, wane ya ce, wance ta ce. Tara su bisa mas'ala. Tunda kan manoman shinkafa kike, sakin layi ɗaya na taki, ɗaya na ruwa, ɗaya na kasuwa, kowanne ya buɗe da jimlarki ke, sannan ki kira shaidu, masu yarda da masu ja.

Ja kuma yana da ladabinsa. Ba a rubuta "ya yi kuskure". Misali, a ce marubucin a gonar noman rani mai famfo ya yi aikinsa, ke kuma fadamar Argungu kike dubawa, inda ambaliya ke yanke hukunci. Sai ki faɗi abin da ya samu daidai yadda ya faɗa, ki nuna iyakar wurin da ya duba, ki ce sakamakon bai kai ga fadama ba saboda kaza. Kin ja da shi, ba ki taɓa rawaninsa ba.

In za ki faɗi maganarsa da bakinki, rufe littafin tukuna, rubuta, sannan ki buɗe ki gwada. Canja kalma biyu uku a jimlar mutum sata ce har yanzu. In kalmominsa kika ɗauko, sa su cikin alamar zance da shekara da shafi. A tsarin APA, ɗaya daga ƙa'idojin kawo zance da manazarta, in zance ya kai kalma 40 ana ware shi a sakin layinsa, a tura shi ciki, ba alamar zance. Wanda ba ki karanta da idonki ba, a wurin wani kika tsince shi, ki ce a wurin wane kika gani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in da hali nemo asalin. Sunan da duk ya fito a cikin aiki ya fito a manazarta, na manazarta ma ya kasance yana ciki, don nan masu jarrabawa ke fara leƙawa ranar kare kundi.

Batun ko za ki iya musa wa malamin naki ido da ido a ofis, wannan wata magana ce, sai kin zo hutu. Kafin nan samo ƙawarki ta riƙe maƙalun, ke ki riƙe babin, ku karanta da ƙarfi. Ki gaida mahaifiyarki, ki ce mata har yanzu ina jiran man shanun.