Amsa ga Malam: abin da yaran Zangon Kumasi ke faɗa kan littattafan labari

Salamu alaikum, Malam. Ina fata kana lafiya, da iyali da 'yan makaranta, ya kuma hidimar kaka. A gaishe min da Inna da kyau, a ce mata man zafin yana nan tafe.

Saƙonka ya iso. Ka ce kun samu akwati guda na littattafan labari kun ajiye a ofishin hedimasta, yara suna aro duk ranar Alhamis, kana kuma son jin mu nan wane iri yaranmu ke so, ko suna karanta na Hausa kamar yadda muka yi muna yara a ƙasar Ringim. Har da tsokanar da ka saba, wai ko 'ya'yan yayarka sun zama Tonawa, wato mutanen Asante. Ba su zama ba, amma sai ka gyara zama, don amsar tana da ɗan tsawo.

Yaron zango Hausa ce a bakinsa tun daga asuba har dare. Da ita yake cinikin koko da ƙosai, da ita yake faɗa a filin ƙwallo, ko da ubansa Bamoshe ne ko Bazabarme ko Badagwambe. Amma miƙa masa littafin Hausa na boko, sai ya tsaya yana juya shi. Ba laifinsa ba ne. Makarantun gwamnatin Gana suna koyar da Tonanci da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja da wasu, Hausa kuwa ba ta cikin jerin, duk da cewa gidan rediyon ƙasa yana ba da labarai da ita. Saboda haka yaron Aboabo ko Asawase yana karanta Turanci da Tonanci a boko, ya karanta Larabci a Islamiyya da yamma da ranakun Asabar da Lahadi, harshen da ya sha a nono kuwa bai taɓa ganinsa a allon aji ba. In ya ga ƙ ko ɗ mai lanƙwasa sai ya ɗauka tawada ce ta zuba.

Tushen abin tsoho ne. Kakannin mutanen nan fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja suka zauna Salaga, da yaƙin basasa ya tarwatsa garin a 1892 suka bazu zuwa Kumasi da Ankara, babban birnin Gana, da Kete Krachi. Rubutun Hausa da suka zo da shi ajami ne, na waƙoƙi da wasiƙu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi a 1934, da ajami da Larabci ya yi waƙoƙinsa. Ƙagaggun labarai na boko kuwa a Zariya aka haife su, bayan gasar da aka shirya a 1933, suka shiga makarantun Arewa, ba su ƙetaro nan ba. Ku kuka gaji littafin, mu nan aka bar mu da kunne.

To, abin da ƙanana suka fi so shi ne Ananse. Shi ne Gizon Tonawa, gizo-gizo ne shi ma, maƙaryaci, mai haɗama, kuma littattafansa masu hoto sun cika makarantun firamare. Gidanmu gidan haya ne, ɗaki-ɗaki, iyali sun fi goma, in an ɗauke wuta sai yara su taru a ƙofar ɗakina. Wani dare na yi musu ga ta nan ga ta nan ku, na ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, ina kwaikwayon tsamin bakinsa yadda Inna ke yi mana. Ban kai ƙurunƙus ba musu ya ɓarke. Wani ɗan aji uku ya rantse wai Gizo satar labarin Ananse ya yi, don shi ya gan shi a littafi da idonsa, abin da ke cikin littafi kuwa shi ne na asali. Wata yarinya ta ce ai Ananse ta hanci yake magana, wannan kuwa harshensa ne ya karye, don haka ba mutum ɗaya ba ne, sai dai ko 'yan'uwa. Da na tambaye su wa ya fi wayo, suka ce Gizo. Hujjarsu ita ce Ananse ya tara duk hikimar duniya a tukunya, ya rataya ta a gabansa zai hau itace ya kasa, sai da ɗansa ya ce masa ya mai da ita baya. Wanda ɗansa ya fi shi dabara, a cewarsu, bai isa a haɗa shi da Gizo ba. Ka ga hukunci ke nan na masu karatu, ba wanda ya koya musu.

Abin da na lura, ba sa jin haushin mugun hali a labari, abin da ba sa yafewa shi ne gundura. Akwai irin littattafan nan da ake rubutawa don gyaran tarbiyya, yaro ya ƙi jin magana, ya faɗa rijiya, a shafin ƙarshe marubuci ya jero darussa ɗaya, biyu, uku. Ɗana na ƙaramar sakandare yana da hanyar gane su: shafin ƙarshe yake fara buɗawa, in ya ga jerin darussa sai ya mayar wa mai littafi abinsa. Na yi masa faɗa, ya ce Umma, ai wa'azi muna ji a masallaci ranar Juma'a, kuma liman ya fi wannan iyawa. Ban ƙara magana ba. Shi ɗin nan kuma in malaminsu na Islamiyya ya ɗauko ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ko motsi ba ya yi, ga rijiya, ga kurkuku, ga mafarki. Ashe ba darasin ne ba ya so ba, ɗurawar ce.

Samari 'yan sha biyu zuwa sha biyar, littattafan Turai na gwanjo suke bi, waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa a Adum da bakin kasuwar Kejetia. Na 'yan sandan ciki, na tafiya sararin samaniya, na makarantar matsafa. Wannan na ƙarshen yakan jawo magana a gidaje. Wasu iyaye ƙonawa suke yi, sun ce koyar da sihiri ne. Wasu su ce ai tatsuniya ce irin ta Dodo, ba wanda ya zama maye don ya ji ta. Ni dai nakan karɓa in duba kafin in bari. Littafi ɗaya sai ya zaga layi guda, bango ya cire, a ɗinke da zare, kuma wanda ya faɗa wa wani ƙarshen labari kafin ya kai, ranar sai an raba faɗa. Ƙorafinsu a kai shi ne sunayen abinci da dusar ƙanƙara, sai su tsallake shafi biyu su nemi inda ake gudu.

Na dole kuwa, wato wanda ake tambaya a kai a jarrabawar fita ƙaramar sakandare, da wuya ka ji an yabe shi, don haddace shi suke yi kamar jadawalin lissafi. Sau ɗaya na ji akasin haka, lokacin da babbar 'yata ke karanta labarin wani maraya na ƙasar Ingila da ake horarwa da yunwa. Ta yi ta kuka. Ta ce ba ta san Turawa ma suna da almajirai ba.

Ita ce kuma ta fi kowa zafin ra'ayi yanzu da take babbar sakandare, tana kwana a makaranta tun da gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta a 2017 abin ya zo wa irinmu da sauƙi. Abin da ke cin ranta shi ne ba ta ganin kanta a littafi. Yaran labaran da ake ba su sunayensu Kofi da Ama, suna zuwa coci ranar Lahadi. In ɗan zango ya leƙo, to maigadi ne, ko mahauci, ko wanda ake gargaɗin yaro kada ya yi abota da shi. Ta ce ina yarinyar da ke taya uwarta zuba wake da shinkafa a ganye tun da duhu, ta wanke hannu ta hau mota zuwa makaranta, ta zo ta ɗaya a aji? Ina Sallah, ina gidan suna, ina rigimar layin famfo? Na ce mata to ki rubuta mana. Ta ce da wane harshe? Nan na yi shiru, don gaskiya in ta rubuta da Hausa ƙawayenta ba za su iya karantawa ba, in da Turanci ne kuma rabin daɗin maganar zango ya zube.

Kada ka ɗauka littattafan Kano ba su iso ba. Sun iso, amma ta waya. 'Yan matan nan suna sauraron masu karanta littattafan soyayya a YouTube, su tura wa juna ta WhatsApp, ana kitso ana ji, ana wanki ana ji. Suna son Hausar ƙwarai, har kwaikwayo suke yi, don ka san Hausar nan ba ta cika bambanta mace da namiji ba, sai ka ji an ce yarinya ya zo. Daga waɗannan labarai 'yata ta gyara nata bakin. Amma suna da suka. Sun ce jarumar Kano kuka ya yi mata yawa, tana ɗaki tana jiran ɗan mai kuɗi ya dawo daga Abuja ko Dubai. Nan kuwa mace ita ce kasuwa. Yarinya ta tashi ta ga uwarta da kakarta suna juya kuɗi, suna sayar da atamfa da goro da tuwon zafi, kulle bai yi ƙarfi ba. Wata ƙawar 'yata ta ce ita da za a ba ta alƙalami, a babi na biyu za ta ba jarumar jari. Ba na cewa duk littattafan haka suke, akwai masu fito da ciwon auren dole da kishi yadda ya kamata, kuma waɗannan su ne ake yin shiru in ana ji.

Magana Jari Ce ɗin nan na Abubakar Imam da ka ba ni da na zo gida, ni nake karanta musu da baki. Sarauta da fadanci sai na tsaya na yi bayani, don su Sarkin Zango suka sani da Sarkin Asante, ba su san waziri da galadima ba. Amma aku ya saye su. Ɗana ya ce akun nan waya ce, kana shirin fita ta riƙe ka da labari har gari ya waye.

Wani bambanci da ya kamata ka sani: yaran nan ba sa jin nauyin cewa littafi bai yi ba, ko a gaban malami. A aji ana tambayarsu wa ka fi so a labarin nan, don me, kuma akwai ɗakunan karatu na gwamnati, da hukumarsu ke aiki tun 1950, inda yaro ke zaɓa da kansa. Naku na san su. Ka tsai da yarinya 'yar aji biyar ka ce yaya kika ga littafin, za ta sunkuyar da kai ta ja gyale ta ce da daɗi, Malam, ko da shafi biyu ta karanta. Wannan kunya ce, ba rashin ra'ayi ba. In kana son gaskiya, duba akwatin naku ka ga wanne ya fi yagewa, wanne kuma har yau sabo ne fil. Ko ka sa ƙaramar malama ta zauna da 'yan matan a gindin darbejiya ba tare da kai ba.

Yanzu ga roƙo. Ka zaɓi yara biyu ko uku masu karatu da kyau, su karanta labari gajere daga akwatin, ka naɗi muryar ka turo, ka haɗa da hoton shafin, don namu su riƙa bin baƙaƙen da ido suna ji. Mu kuma za mu turo muku Ananse da Hausar zango, ku sha dariyar bakinmu. Ɗan aji ukun nan ma ya ce in tambayi 'yan ajinka, in da gaske Gizo naku ne, su faɗa masa sunan garinsu da unguwarsu.