Digiri na biyu a akanta da nazarin bayanai: shin ya kai a sayar da fili dominsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na yi digirin farko a fannin akanta, na gama bautar ƙasa bara, yanzu ni ce ke riƙe da littattafan wani kamfanin casar shinkafa a nan Gombe. Ina yawan ganin tallan jami'o'in Ingila da Amurka na digiri na biyu da ya haɗa akanta da nazarin bayanai, ƙawayena kuma na cewa kwamfuta ta kusa karɓe aikinmu, wanda bai yi wannan karatu ba an bar shi a tasha. Baba ya ce in dai akwai amfani zai sayar da filinsa ya tura ni. Wasu kuma sun ce in manta da mastas in kama jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya. Na rasa wanda zan bi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin mu yi nisa, ki roƙi Baba ya bar filinsa tukuna. Allah ya saka masa da alheri, amma abin da kike nema kashi uku ne aka dunƙule miki su wuri guda a cikin talla, kuma biyu daga ciki za ki iya fara su kina zaune a Gombe, da albashinki.

Kashi na farko lasisin sana'a ne. Na biyu iya aiki da hannu. Na uku shi ne takardar jami'a. Tallan ba zai raba miki su ba, don mai sayar da kaya ba ya kushe kayansa.

Mu fara da abin da ake kira nazarin bayanai, tunda sunan ya fi aikin ban tsoro. Lokacin da na fara fita binciken kuɗi, in muka shiga ma'aikata aka jibge mana baucoci dubu goma, ba mai iya duba su duka. Sai mu tsamo hamsin ko ɗari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, in sun yi daidai mu ce sauran ma da alama haka suke. Kamar mai sayen hatsi a Tudun Hatsi ne, ya soka buhu ya ga ɗan abin da ya fito ya yanke wa buhun hukunci. Yau da yawancin biyan kuɗi ke bi ta banki, kowane ciniki na barin sawu a kwamfuta, ba sai kin soka buhu ba, za ki iya zazzage shi gaba ɗaya ki tankaɗe. Ki tambayi na'ura: wane rasit ne aka biya sau biyu? Wane ɗan kwangila ne lambar asusunsa ta yi daidai da ta wani ma'aikaci? Waɗanne kuɗi aka fitar ranar Lahadi ko tsakar dare? Wannan shi ne nazarin bayanai a wurin akanta.

Kuma ba labarin ƙasashen waje ba ne kawai. A farkon 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, lokacin Kemi Adeosun, ta sanar da cire ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi. Abin da aka yi shi ne gwama jerin albashin da lambar BVN, wadda aka fara a 2014, sai aka ga mutum ɗaya yana kwasar albashi da sunaye da yawa. Jeri biyu aka haɗa aka duba inda suka yi karo. Haka tsarin IPPIS na biyan albashi, da asusun bai-ɗaya na TSA da aka tilasta a 2015, da biyan haraji ta intanet, duk sun mayar da lissafin gwamnati bayanai masu tarin yawa da ke jiran mai tankaɗe su. Saboda haka ƙawayenki suna da rabin gaskiya. Aikin kwafe rasit zuwa littafi da haɗa jimla yana ƙarewa, wannan ba shakka.

Rabin da suka bari shi ne wanda na fi so ki riƙe. Na'ura ba ta san tambayar da ya kamata a yi ba. Ɗauki kamfaninku. A ce manaja yana da ikon sa hannu a kan kuɗi har naira 500,000, abin da ya wuce haka sai mai kamfani. Kika jera duk biyan shekara daga ƙarami zuwa babba, sai kika ga tulin biya na 490,000 da 495,000, wasu ma rana ɗaya ga mutum ɗaya. Wanda ya karanta kwamfuta zalla zai wuce su, don ba lambar da ta karya doka. Akanta kuwa nan take zai gane ana daddatsa babban biya ne don kada ya kai teburin mai gida. A ɗaya gefen, na'ura za ta yi ta ihu cewa sayen shinkafa ya yi tashin gwauron zabi a watan Nuwamba da Disamba, alhali ke kin san kaka ce, lokacin da 'yan Dadin Kowa da sauran wurare ke kawo shanshera kenan. Wanda bai san sana'ar ba zai tuhumi mai gaskiya ya saki ɓarawo.

Akwai wata ƙa'ida da ake koyarwa a irin waɗannan kwasa-kwasai, ƙa'idar Benford. Simon Newcomb ne ya fara lura da ita a 1881, Frank Benford ya sake gano ta a 1938. A alƙaluman da suka taru da kansu, kamar kuɗaɗen ciniki iri-iri, lambar 1 kan zo a farko kusan kashi 30 cikin ɗari, lambar 9 kuwa ba ta kai kashi 5 ba. Mai ƙirƙirar alƙaluman ƙarya bai san haka ba, sai ya watsa lambobinsa daidai wa daida, a kama shi. Na taɓa ganin wani matashi mai ƙwazo, sabon dawowa daga karatu, ya ɗora wannan ƙa'ida a kan jerin albashi ya rubuta rahoton zargi mai zafi. Ya manta albashi ba ya taruwa da kansa, matakai ne aka yanke, kowa a mataki ɗaya kuɗinsa ɗaya. Da rahoton ya fita da an ci mutuncin bayin Allah a banza. Abin ya daɗe yana damuna, domin yaron ya iya na'urar sarai, tushen ne babu.

Shi ya sa in ke ƙanwata ce ta ciki ɗaya, zan ce ki fara da lasisin. A Najeriya, mai sa hannu a kan binciken asusun kamfani sai ɗan ICAN ko ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin, mai izinin aiki, kuma mai rajista da FRC, hukumar kula da rahotannin kuɗi da aka kafa da dokar 2011. Ko mastas uku gare ki ba za su ba ki wannan iko ba. ICAN tun 1965 doka ta kafa ta, jarrabawarta mataki uku ce, kuma akan yafe wa masu digirin akanta wasu darussa gwargwadon makarantar da suka fito, don haka ki nemi a duba takardunki. ANAN ta samu amincewar doka a 1993, kwalejinta na Kwall kusa da Jos, ba nisa da mu. Wacce ta fi? Manyan kamfanonin binciken kuɗi da bankuna sun fi tambayar ICAN ko takwararta ACCA ta Ingila, ma'aikatun gwamnati kuwa cike suke da 'yan ANAN. Ki duba inda kika nufa. Jarrabawar ICAN tana kayar da mutane, ba zan ɓoye miki ba, amma ana yin ta ana aiki, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na zango ɗaya a Ingila ba.

Ki kuma san dalilin da ya sa irin wannan mastas ya yi kasuwa a Amurka. A can, an yi shekaru da yawa ana buƙatar mai neman CPA, lasisin akanta na ƙasar, ya tara awannin karatu 150, digirin farko kuwa yawanci 120 yake bayarwa, sai ɗalibai su cike gurbin da shekara ɗaya ta mastas. Kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya haɗa kai da jami'o'in Ohio State da Villanova suka fito da mastas na akanta haɗe da nazarin bayanai, wasu jami'o'i suka bi sahu. Wato a wurinsu takardar matakala ce zuwa lasisi. A wurinmu wannan matakalar ba ta jingina da bangon ba.

Kashi na biyu, iya aiki da hannu, shi ne wanda ba ki da uzurin jinkirta shi ko na mako ɗaya. Ki fara da Excel, amma ba haɗa jimla ba. Ki koyi yadda ake haɗa jeri biyu a gano inda suka dace, da yadda ake taƙaita layi dubbai a tebur ɗaya, da yadda ake wanke bayanai masu datti, inda aka rubuta sunan dillali ɗaya iri huɗu. Wankin nan shi ke cin mafi yawan lokacin mai wannan aiki, kuma ba a sa shi a talla. Excel yana tsayawa a layi 1,048,576, to daga nan sai SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Bai da wuya kamar yadda ake zuzuta shi, wata biyu na naci ya isa ki fara amfani da shi. Sai Power BI don zana rahoton da mai gida zai kalla ya gane ba tare da kin yi masa bayani ba, kuma na kan kwamfuta kyauta ake sauke shi. Python, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, ya biyo baya, kada ki yi gaggawarsa. Shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 yana da ɓangaren nazarin bayanai, ki sa ido a kan lokacin da za su buɗe.

Kina da abin da ɗalibai da yawa a Ingila ba su da shi, wato littattafan kamfani na gaske a hannunki. Ki nemi izinin mai gida, ki ɗauki cinikin shekara biyu. Buhu nawa na shanshera ke shiga, nawa na gyararriya ke fita, kuma wannan kason yana canzawa ne daga dillali zuwa dillali? Man dizal nawa ake ƙonawa kan kowane buhu? Su wa ke karɓar kaya bashi su wuce kwana sittin? Amma bayanan amana ne. Kada ki ɗora su a intanet ko ki tura wa wani don ya taya ki, akwai ma dokar kare bayanai ta 2023 da ta hau kan sunaye da lambobin mutane. In kika yi wata shida a haka za ki san ko aikin ya dace da zuciyarki, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. Wasu suna son lissafi amma zaman tsefe layi dubu hamsin yana gundurarsu, kuma wannan ba aibu ba ne, akwai haraji, akwai binciken kuɗi, akwai bankin Musulunci.

To yaushe mastas ke da amfani? In kina son koyarwa a jami'a ko ki kai ga digirin digirgir, dole ne, kuma MSc, mastas mai kundin bincike, za ki yi, ba MBA na gudanar da kasuwanci ba. Jami'ar Jihar Gombe da ATBU ta Bauchi suna da sashen akanta da karatun gaba da digiri, ga BUK da ABU in kina iya yin nisa. Sunan digirin zai iya zama akanta kawai, amma ke za ki karkata kundinki zuwa nazarin bayanai, ki yi shi a kan alƙaluma na gaske maimakon raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari, wadda ta zama al'adar da ke ba ni takaici a kundayen ɗalibanmu. Kafin ki sayi fom ko ina ne, gida ko waje, ki nemi jerin darussan, ki kuma tambayi wanda ya gama bara: sau nawa kuka zauna gaban kwamfuta da bayanai? Wace manhaja kuka taɓa da hannunku? Wa ya koyar, ya taɓa yin aikin a waje da aji? Akwai inda aka liƙa wa tsohon kwas sabon suna, darasi ɗaya tak aka ƙara.

Game da fita waje, ba na hana ki, na ga waɗanda suka je suka dawo da ilimi mai kyau. Sai dai tun da aka saki naira kasuwa ta yanke farashinta a Yunin 2023, kuɗin makaranta da na masauki a fam ko dala sun koma abin da filin gida ɗaya da wuya ya ɗauke, kuma mafi munin abu shi ne kuɗi su yanke a tsakiyar zango. Tun Janairun 2024 kuma Ingila ta hana masu mastas na aji, wanda ba na bincike ba, tafiya da iyali, in kina da aure ko yana tafe ki sa wannan a lissafi. Hanyar da ta fi ita ce tallafi. Chevening na gwamnatin Ingila yana biyan komai, amma yana neman shekara biyu ta aiki, akwai kuma na Commonwealth. Tallafin asusun TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai shafe ki ba sai kin shiga koyarwa. Kin ga shekara biyun da za ki yi kina ICAN kina tsefe littattafan kamfaninku su ne dai shekarun da Chevening ke tambaya, kuma a takardar neman za ki sami abin faɗa: ga asarar da na gano a injin casa a Gombe, ga yadda aka toshe ta.

Abin da za ki buƙata yanzu kwamfutar cinya ce mai Windows, domin Power BI ba ya hawa kan Mac, mai ƙwaƙwalwar aiki aƙalla gigabait 8 da batir mai riƙe caji saboda halin wutarmu. In Baba yana son ya sa hannu, wannan da kuɗin rajistar jarrabawa sun isa a bana. Ki gaishe min da shi, in kin gama tsefe cinikin shekarar farko kuma ki rubuto min abin da kika gani a lissafin dizal.