Filin Lafiyar Uwa: Wankan Jego, Kunun Kanwa da Jinin Biƙi

Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata yawancinsu a kan kwanaki arba'in na jego suke. Ungozomomin asibiti da likitan mata da ke riƙe da wannan fili sun zaɓi guda huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata ta zo wankan gida, haihuwar fari. A asibiti an ce kada a yi mata wanka da tafasasshen ruwa, kada kuma ta sha kunun kanwa. Mu da shi aka yi mana. Anya ba za a bar ta ɗanya, sanyi ya shige ta ba? (Wata kaka daga Funtuwa)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Wankan gida abu ne mai kyau, kada ki fasa. Yarinya ta samu hutu, a dafa mata, a riƙe mata jariri ta yi barci, wannan babban magani ne. Abubuwa biyu kawai muke roƙo a gyara: zafin ruwan da kuma kanwar.

Mai ciki jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabi. Bayan haihuwa jiki yana fitar da wannan rarar ruwa ta fitsari da gumi, kuma a kwanakin nan zuciya tana aiki tuƙuru. Kanwa cike take da sinadarin sodiyom, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa ruwa yake riƙewa a jiki. Idan mai jego tana shan kwanon kunun kanwa safe da yamma, ruwan da ya kamata ya fita sai ya tsaya. Ga wankan ruwa mai tururi sau biyu a rana, wata ma har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta ƙara gudu. Kaya ya yi mata yawa ke nan. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da waɗannan al'adu. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan: hawan jinin ciki, rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin sinadarin seleniyom. To amma ba a ƙara wa mai ɗauke da kaya dutse.

Ki sirka ruwan har ki iya tsoma gwiwar hannunki a ciki ba tare da kin janye ba. Ganyen darbejiya ko na tsamiya a jiki ba laifi, sai dai kada a fyaɗa shi a kan ɗinki, ko na gaba ko na tiyata. Wurin ɗinki ruwa mai tsabta da sabulu ya ishe shi, a tsane shi ya bushe. A maimakon kunun kanwa a dama mata na gyaɗa ko na tsamiya. Ƙauri, hanta, ƙwai, wake da zogale duk ta ci, a rage gishiri da dunƙule. Ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini har wata uku.

Ki sa ido a kan waɗannan: haki idan ta ɗan motsa, kasa kwanciya sai ta jingina da matashin kai biyu ko uku, tari da dare, kumburin ƙafa da fuska da ke ƙaruwa. Wannan ba sanyi ba ne, kuma ƙara zafin ruwa ba zai kore shi ba. Asibiti za a kai ta a ranar. Haka nan ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, domin jijjiga tana iya kama mace ko bayan ta haihu.

TAMBAYA: Matata ta kusa haihuwa, garinmu kuma da nisa daga asibiti. Ta yaya zan gane jinin biƙi ya wuce kima? Mata suna cewa gara ya zuba, dattin ciki ne. (Wani magidanci daga Maraɗi)

AMSA: Malam, mun ji daɗi da namiji ya yi wannan tambaya, domin sau da yawa ana zaune ana jiran izininka ne lokaci ke ƙurewa. Ka ba da izinin tun yanzu, a gaban mahaifiyarka da ungozoma, ka tanadi kuɗin mota da lambar direba, ka kuma san 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. Mafi alheri ta haihu a asibiti, inda za a yi mata allurar oksitosin, mai tsuke mahaifa don hana zubar jini, da zarar jariri ya faɗo.

Ma'aunin shi ne mililita 500 cikin awa 24 na farko, wato cikin ledar fiya-wata guda. Abin da ya wuce haka zubar jini ce, ba wankin ciki ba. A gida ba a iya aunawa, don haka a dubi ƙunzugu: idan ya jiƙe sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya, ko guda-gudan jini sun kai girman lemo, ko tana jiri, jikinta ya yi sanyi, zuciya na bugawa da sauri, a tashi. Mace tana iya rasuwa cikin awa biyu.

Yawanci mahaifa ce ta saki, ba ta tsuke ba. A taɓa ƙasan cibiyarta. Ya kamata a ji abu mai tauri kamar ƙwallo. In ya yi laushi, a murza da tafin hannu har ya yi tauri, a sa ta ta yi fitsari domin cikakkiyar mara tana hana mahaifa tsukewa, a ɗora mata jariri ya kama nono. Duk wannan ana yi ne ana kan hanya. Idan mabiyiya ba ta faɗo ba bayan rabin awa, kada a ja igiyar, kada a tura mata muciya a baki. A wajen awo ta tambayi ƙwayar misoprostol, mai hana zubar jini bayan haihuwa: guda uku ake sha, bayan jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu a ciki. Shan ta kafin haihuwa yana iya fasa mahaifa.

Jinin biƙi na lafiya ja ne kwana uku zuwa huɗu, sai ya koma ruwan ƙasa, sannan ya yi fari-fari, ya ɗauke cikin mako huɗu zuwa shida. Wari da zazzaɓi alamar ƙwayar cuta ce.

TAMBAYA: Uwar mijina ta ce in matse dakashi in zubar, kuma in riƙa ba jariri ruwa saboda zafin gari. Ina jin nauyin yi mata musu. (Wata mai jego daga Gusau)

AMSA: 'Yar uwa, kada ki yi musu da Inna ke kaɗai. Ki tafi da ita ranar komawa asibiti, ko mijinki ya yi mata bayani, ta ji daga bakin da ba naki ba. Ita ma lafiyar jikanta take nema.

Dakashi, wannan nono mai kauri ruwan ɗorawa, shi ne rigakafin farko na jariri. Yana kare hanji daga gudawa, yana kuma taimakawa wajen fitar da baƙin kashin farko. Kaɗan yake zuwa domin cikin jariri a ranar farko bai fi cokalin shayi ɗaya ba. A ɗora shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Ruwa kuwa, kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, ko a watan Afrilu ya ishe shi. Ruwan da za ki ba shi zai cika masa ciki ya rage tsotso, nono kuma tsotso ke kawo shi. Ke ce za ki sha ruwan. Ki ba shi sau 8 zuwa 12 dare da rana, ya ƙarar da ɗaya kafin ki juya shi. In yana fitsari sau shida a rana bayan kwana biyar, yana ƙoshi. Nono zalla wata shida, sannan a haɗa da abinci har shekara biyu, wa'adin shayarwar da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata.

TAMBAYA: Me ya fi dacewa a sa wa cibiya ta faɗi da wuri? (Wata uwa daga Azare)

AMSA: Malama, ba saurin faɗuwa ake nema ba, warkewa ba tare da cuta ba. Takan faɗi da kanta tsakanin kwana 5 zuwa 15. Toka, gishiri, man goge baki da gashi da tsumma duk hanyoyin shigar ƙwayar cuta ne, har da mai sarƙe haƙora. Ki wanke hannu da sabulu, ki shafa man kulohezidin na cibiya sau ɗaya a rana har kwana bakwai, ki naɗe ƙunzugun jariri ƙasa da ita don ta sha iska. Kada maganin ya kusanci ido, yana iya makantarwa. In gefen cibiyar ya yi ja, ko tana ruwa mai wari, ko jariri ya ƙi kama nono, ki kai shi asibiti a ranar.