Hukuncin saka facin da ke cire sutura a wasannin kwamfuta na manya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah a sakaya sunana. Ni sana'ata gyaran kwamfuta da tura wa mutane gem a laftof da waya. Toh akwai wasu gem ɗin da kamfani ke fitarwa an rufe wuraren tsiraici, wani an dusashe wurin, wani an saka wa matan kaya, wani kuma an yanke wurin gaba ɗaya, sai kuma akwai wani ɗan fayil da muke ce wa faci wanda in ka sauke ka jefa shi cikin foldar gem ɗin komai sai ya buɗe. Kwastomomi na yawan tambaya har suna ƙara min kuɗi akai, kuma gaskiya na yi wa wasu. Abokina yace ba komai tunda zane ne ba mutane ba, kuma an rubuta 18+ a jiki, kuma mutum da kuɗinsa ya sayi abinsa babu wanda ya isa ya tace masa. Malam meye hukuncin saka facin, meye hukuncin kuɗin da na riga na karɓa, kuma ita wannan tacewar da gwamnatoci da kamfanoni ke yi Musulunci ya yarda da ita?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Bismillahir Rahmanir Rahim, tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Saka facin da aikinsa shine buɗe tsiraici ko wuraren saduwa a cikin gem haramun ne, ko kai za ka kalla ko wani za ka saka wa, kuma kuɗin da ake ƙara maka saboda shi ba halal bane. Wannan shine hukuncin, amma bari mu bi maganganun abokin naka dan ba duka ne shirme ba, akwai wadda sai an zauna an warware ta.

Shi wasa a kan kansa ba mu ce haramun bane. Asalin abubuwan duniya halacci ne sai abinda nassi ya hana, wanda yake buga gem ɗin ƙwallo ko tseren mota baya barin sallah baya caca akai ba mu da ta cewa da shi. Matsalar tana kan abinda ido zai gani. Allah yace a Suratun Nur aya ta 30 a gaya wa muminai su runtse daga ganinsu su tsare farjinsu, aya ta 31 ta faɗi haka ga mata. A Suratul Isra'i aya ta 32 kuma cewa aka yi kar ku kusanci zina, aka hana hanyar tun kafin a isa. Jarir bin Abdullah ya tambayi Annabi (SAW) game da kallon ba-zata, sai ya umarce shi ya kawar da kai, hadisin yana cikin Muslim. Kaga wanda yana cikin wasa hoto ya faɗo masa bai shirya ba ya kau da kai ya tsallake wurin, wannan yana da uzuri. Shi kuwa mai faci fa? Ya shiga intanet ya nema, ya ƙona data ya sauke, ya buɗe folda ya kwafa ya liƙa, wani ma sai ya kashe antibayros tukunna dan kar ta goge masa fayil ɗin, sannan ya kunna. Babu ba-zata ko ɗaya a nan, kowane mataki da niyya aka taka shi, kuma abinda facin ke yi guda ɗaya ne tak, ba ya ƙara wa gem ɗin gudu ba ya gyara masa komai.

Yanzu maganar cewa zane ne. Nan ne ya kamata a tsaya, dan malamanmu na da sun taɓa wani abu mai kama da wannan kuma amanar ilimi ce a faɗe shi yadda yake. Wasu malaman Shafi'iyya sun ce ganin surar mace a madubi ko a cikin ruwa ba daidai yake da ganinta ita kanta ba, amma Ibn Hajar al-Haitami da ya kawo maganar nan take ya saka mata sharaɗi, yace wannan in ba a ji tsoron fitina ko sha'awa bane. Ibn Abidin na Hanafiyya shi ma ya tada tambayar kallon hoton da aka zana da sha'awa, yace wuri ne na kai-kawo bai ga wanda ya yi magana akai ba, amma a mas'alar madubi da ruwa ya karkata ga hanawa saboda dalilin hanin shine tsoron fitina da sha'awa kuma suna nan. Toh ka ɗauki sharaɗin nan ka auna shi da facin. Waye yake saka shi ba dan sha'awa ba? In babu sha'awa me za'a buɗe a gani? Su kuma waɗancan malamai zanen da suka sani na jikin bango ne da tufafi, ba su ga wanda yake motsi yana numfashi yana magana da muryar mace ta gaske da aka ɗauka a situdiyo ba, wanda kai mai wasan da hannunka kake juya shi. A fim kallo kawai mutum yake, a gem shine ke danna maɓallin, shine ke zaɓa, wannan ya fi shiga zuciya.

Akwai hadisin da a ganina ya kashe bakin wannan shubuhar. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya hana mace ta haɗa jiki da wata mace sannan ta je ta siffanta wa mijinta ita kamar yana kallonta. A nan babu hoto babu zane, magana ce kawai ta baki, amma aka hana saboda abinda take sakawa a zuciyar mai ji. Al-Ƙabisi, malamin Malikiyya na Ƙairawan, yace wannan hadisin asali ne ga Imamu Malik wajen toshe kafar ɓarna. In siffantawa da harshe ta haramta, ina ga siffantawa da kwamfutar da take fitar da komai har gashin jiki. Kuma hadisin Abu Huraira na Bukhari da Muslim yace zinar ido kallo ce, zuciya tana buri tana sha'awa, farji ne ke gaskata hakan ko ya ƙaryata. Zuciyar saurayi ba ta tsayawa tambayar ko wannan zane ne kafin ta motsa.

Sai maganar 18+. Kwalbar giya ma a ƙasashe da yawa sai ka kai 18 ake sayar maka, bai sa ta zama halal ga ɗan shekara 40 ba. Wannan lambar ta hukumomin su ce, a Amurka ESRB da aka kafa 1994, a Turai PEGI tun 2003, a Japan CERO, aikinsu su gaya wa iyaye me ke ciki. A wajenmu abin ma juyawa yake, balaga ita ce lokacin da alƙalami ke fara rubutu a kanka, yaro ne ba a rubuta masa zunubi, babba kuwa shine abin tambaya.

Tambayarka ta tacewa tana da tarihi mai ɗan ban dariya. A 2004 kamfanin Rockstar ya fitar da Grand Theft Auto: San Andreas, wanda na san kusan duk shagon gem an san shi. Ashe masu haɗa shi sun gina wani wurin saduwa a ciki sannan suka kulle shi basu goge ba, a 2005 wani mutumin Holan ya fitar da ɗan faci da aka sa wa suna Hot Coffee ya buɗe wurin. Da farko kamfanin ya nuna kamar aikin masu kutse ne, sai aka gano abin yana cikin faifan tun asali har a na PlayStation 2. A watan Yuli 2005 ESRB ta ɗaga shi daga M na 'yan 17 zuwa AO na manya zalla, manyan kantuna suka sauke shi daga kanta, Hillary Clinton tana sanata a lokacin ta nemi a yi bincike, dole kamfanin ya sake buga wani da aka cire wurin. Abin lura shine gem ɗin da ma cike yake da kisa da fashi da karuwai kuma duk wannan ya wuce da M. Ma'aunin nasu kenan.

A Japan kuma sashe na 175 na dokar laifuka ne yasa ake dusashe al'aura da ɗigo-ɗigon nan, komai na batsar yana nan sai ɗan wurin kawai aka rufe, shi yasa da yawa daga cikin facin da kuke saukewa na wasannin Japan ne. Steam, babbar kasuwar gem ta kwamfuta, a 2018 ta buɗe ƙofa ga wasannin batsa, sannan a Yuli 2025 ta sauke da yawa daga ciki bayan wata ƙungiya ta Ostireliya mai suna Collective Shout ta matsa wa kamfanonin katin biyan kuɗi irinsu Visa da Mastercard kan wasannin fyaɗe da saduwa da muharramai, itch.io, wata kasuwar gem ta intanet, ita ma ta ɓoye nata a wannan watan. Kaga a nan tsoron rasa hanyar karɓar kuɗi ne ya yi aiki. Saboda haka in abokinka yace akwai munafunci da son kai a tsarin tacewar nan, ban musa masa ba. Inda ya ɓata shine da ya ɗauka tunda mai rufewar ba dan Allah ya rufe ba toh buɗewa ta halatta. Mu ba dokar Japan ce ta hana mu ba balle in an kauce mata mu samu hanya. Kuma hakan na nufin wani abu da zai yi maka nauyi, gem ɗin da aka gina shi kacokan akan batsa ko ba ka saka faci ba, ko da ɗigo-ɗigon nasa, tura shi haramun ne.

Shin shari'a ta yarda hukuma ta tace? Eh, har ma wajibinta ne gwargwadon iko, dan ƙa'ida ce cewa tasarrufin shugaba akan talakawa yana rataye da maslaha, kuma Suratun Nur aya ta 19 ta yi alkawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Sai dai hukuma hurumin ta abinda ya fito fili ne, kasuwa da shago da abinda ake tallatawa, ba ta da izinin bin mutane tana buɗe wayoyinsu haka kawai, Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane. Kuma ba kowace tacewa ce ta tsiraici ba. Jamus ta daɗe tana sa a cire tambarin 'yan Nazi daga wasanni har zuwa 2018, wasu ƙasashen jini suke ragewa, wasu maganar siyasa. Facin da ke dawo da irin waɗannan, ko mai fassara gem zuwa wani yare, ko mai gyara matsala, hukuncinsa daban, ana duba abinda ya ƙunsa da kuma sharuɗɗan da aka yi da kamfanin wajen saye. Akwai ma faci da saiti masu rufe tsiraici, wannan in ka saka wa mutum da kyakkyawar niyya muna fatan lada gare ka.

Batun da kuɗinsa ya saya kuwa gajere ne. Mallakar abu ba ta halatta kowane amfani da shi, idon ma da zai kalla ba shi ya ba kansa ba.

Kai kuma matsayinka ya fi na kwastoman nauyi ta wata fuskar, dan shi kansa kaɗai ya cuta, kai kuwa ƙofa ce. Allah yace a Suratul Ma'ida aya ta 2 kar ku taimaki juna akan zunubi da ƙetare iyaka, kuma a hadisin Muslim wanda ya yi kira zuwa ɓata yana da kwatankwacin zunubin duk wanda ya bi shi ba tare da an rage musu komai ba. Ka san yadda abin yake tafiya, laftof ɗin da ka saka wa yau gobe tana hannun ƙanin mai ita ɗan aji biyu a sakandare, jibi an kwafe a filas an kai makaranta, kai kana gida kana barci. Sannan ina ja maka kunne sosai akan wasu wasannin Japan ɗin da ake zana 'yan mata da fuska da jikin yara a rubuta wai shekararsu 18, wannan ƙazanta ce akan ƙazanta, a Ingila tun dokar 2009 mallakar irin wannan zanen laifi ne ko da ba hoton gaske bane, a Najeriya ma sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya yi magana akan batsar yara. Kar ya kwana a na'urarka.

Kuɗin da ka karɓa. Annabi (SAW) ya faɗa a hadisin Ibn Abbas cewa idan Allah ya haramta abu yana haramta kuɗinsa. Kar ka mayar wa kwastomomin, dan sun riga sun sami abinda suka biya, ba za'a haɗa musu da kuɗin ba, wannan shine abinda Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka rinjayar akan ladar aikin haram. Ka ƙiyasta ƙarin da aka yi maka saboda facin kaɗai, ba kuɗin gyara ko na tura sauran gem ba, in ba ka tuna adadin ba ka yi kirdado har zuciyarka ta natsu, ka ba mabuƙata ko ka saka a wani aikin amfanin jama'a da niyyar tsarkake dukiyarka. In kai kanka a matse kake babu abin bayarwa, ko kuma a lokacin da gaske ba ka san haramun bane, malamai sun yi sauƙi, tubanka ya isar in sha Allah.

Ka goge foldar da kake tara su, har wadda ke cikin hard disk ɗin ajiya da kake cewa ko wataran. Wanda ya sake zuwa nema kace masa ka daina, ba sai ka yi masa wa'azi a gaban mutane ko ka tona shi ba, in kun keɓe ka gaya masa dalili. Waɗanda ka riga ka saka wa kuma in akwai wanda kake jin nauyinsa bai fi ƙarfinka ba, ka yi masa tayin cire masa kyauta.

Wallahu a'alam.