Na tuba, me ya sa har yanzu nake girbin abin da na shuka?

Tambaya: Malam, na ci amanar wanda ya ba ni aiki. Na tuba da gaske, na roƙi gafarar Allah da hawaye. Amma aikin ya tafi, mutane kuma sun daina yarda da ni. Ashe Allah bai gafarta mini ba ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, in tubarka ta gaskiya ce, an gafarta maka. 1 Yahaya 1:9 ta tabbatar da wannan. Sai dai Littafi Mai Tsarki bai taɓa cewa gafara tana ɗauke duk sakamakon rashin biyayya a nan duniya ba.

Ka karanta 2 Sama'ila 12. Dawuda ya kwana da Batsheba, ya sa aka kashe mijinta Uriya a bakin daga. Da annabi Natan ya tone shi, bai yi gardama ba, ya amsa cewa ya yi wa Ubangiji zunubi. Nan take Natan ya ce an kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba. Amma ya riga ya gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba, ya kuma ƙara cewa yaron da Batsheba ta haifa masa zai mutu. Dawuda ya yi azumi, ya kwana a ƙasa yana roƙo. A rana ta 7 yaron ya rasu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo baya: ya tashi, ya yi wanka, ya sake tufafi, ya shiga gidan Ubangiji ya yi sujada. Bai ɗauki mutuwar a matsayin alamar Allah ya juya masa baya ba.

Musa ma ya bugi dutse a Meriba maimakon ya yi masa magana kamar yadda Allah ya umarce shi, saboda haka bai shiga Kan'ana, ƙasar alkawari, ba, daga Dutsen Nebo ya hango ta. Duk da haka, ga shi tare da Yesu a kan dutse a Matiyu 17.

Kada dai ka mai da kowace wahala hukunci. Yesu ya ce makahon nan na Yahaya 9 ba don zunubinsa ko na iyayensa aka haife shi haka ba.

Tambayar da zan yi maka ita ce, ka mayar da abin da ka ci? Zakka, a Luka 19, ya yi alkawarin biyan ninki 4 ga duk wanda ya cuta. Ka je wurin mutumin da ka ci amanarsa, ka amsa laifinka ba tare da kawo hujja ba, ka biya gwargwadon ƙarfinka, ko da bai mai da kai bakin aiki ba.