Agogon Jikka 12 da ke "Auna Suga", da Sauran Tambayoyin Baje Koli

Tun da aka tashi daga baje kolin kayan motsa jiki da aka yi a garin nan, salulata ba ta huta ba. Mutanen Maradi da na san ko butik ɗin bakin layi sai an kai su bisa kabu-kabu, yau kowa ya zama ɗan gudun dogon zango. To, madalla. Ga tambayoyin da na tsamo.

Tambaya: Malam, na sayi agogon gudu jikka 12. Mai rumfar ya ce yana ƙirga kilomita, yana auna bugun zuciya da hawan jini, har da suga. Ina da ciwon suga, kuma ina fita sassarfa bayan asuba. In ajiye na'urar da nake huda yatsa da ita? (Wani dattijo, unguwar Zariya)

Amsa: Baba, don girman Allah kada ku ajiye ta. In ma akwai abin da za a ajiye, agogon ne. Wannan maganar ita ta fi hana ni barci a duk harkar kayan fasaha, don haka ku yi haƙuri, yau sai na amayar.

Ku juya bayan agogon, za ku ga wata ƴar koriyar fitila tana ƙiftawa. Aikinta ɗaya: tana haska fata, jini yana shanye koren haske, idon da ke gefenta kuma yana lura da yadda hasken da ke dawowa ke ƙaruwa yana raguwa duk bugu. Daga nan ake lissafa bugun zuciya. Shi ke nan iyakar iliminta. Suga ba ya cikin abin da take gani. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito fili ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Manyan kamfanoni sun shekara da shekaru suna zuba kuɗi a neman wannan dabara, sai kuma a ce an gano ta a kwalin jikka 12 a ƙarƙashin rumfar tampol? Ko ƴar na'urar da masu ciwon suga ke mannawa a damtse, akwai siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, kuma ana canza ta bayan kwanaki.

Abin da irin agogonku ke yi shi ne ya jefo lambar da za ta faranta rai. Kullum lafiya lau, kamar gaisuwar surukai. Illar kuwa ba ƙarama ba ce ga mai shan magani ko mai allurar insulin: mutum ya fita tafiya da sanyin safiya bai karya ba, suga ya faɗi, jiri ya fara ɗibarsa, ya duba hannu agogo ya ce masa komai daidai.

Hawan jini ma kusan haka ne. Ko ƴan agogunan manyan kamfanoni da ke gwada shi, kamar na Samsung, sai an daidaita su da na'urar ɗaurawa a damtse kowane mako huɗu. In naku bai taɓa neman a daidaita shi ba, kun san amsar.

Ga ɗabi'ata da na gaji da nanatawa, kuma ba zan daina ba: ba a biyan kuɗin agogo sai an gwada shi a gaban mai rumfa. Ɗaura shi, ɗora yatsu biyu a jijiyar wuya, ƙirga na daƙiƙa 30, ninka biyu, kwatanta. Sannan ka yi tsalle kamar sau 20, a yi maka dariya ba komai, ka sake dubawa. Na kirki zai haura ya biyo ka. Na bogi zai tsaya a wajejen 70 da ƴan kai yana yi maka murmushi. Sai kuma maganar kilomita. Agogon da ke da GPS na gaskiya ba ya buƙatar salula, ba ya buƙatar rezo ko intanet. Kai tsaye yake sauraren taurarin ɗan'adam da ke nisan wajen kilomita 20,000 a sama, kuma sai ya kama aƙalla huɗu kafin ya san inda kake. Kashe Bluetooth, fita fili inda ba rufi, ka ce ya fara. In bai tsaya neman taurari ba ya kama ƙirge nan take, to lilon hannunka yake ƙirgawa. Irinsa in ka ɗaura wa mai dakan fura, kafin azahar ya kai ta Tibiri ya dawo da ita.

Baba, ku riƙe shi don duba lokacin salla. Zancen suga da fita da safe kuma ku kai wa likitanku.

Tambaya: An rubuta IP68 a kwalin agogona. Zan iya iyo da shi a tafkin Madarunfa? (Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo)

Amsa: A'a, ƙanena. IP68 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma yana jure faɗawa ruwa marar motsi. Alwala, gumi, ƙurar hunturu, duk ba matsala. Na iyo ana rubuta masa 5 ATM. Kai ma ka iya iyon kuwa?

Tambaya: Yaya, na ga ƴan ƙunshin abin zaƙi mai kauri da masu gudu ke tsotsa a hanya, ɗaya ya kusa kuɗin abincin rana. Ina gudun kilomita 5 sau uku a mako. Guda nawa zan saya? (Wata ƴar'uwa, Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Ko ɗaya, ƙanwata. Wannan shafin salula ne da kwamfuta, amma tunda ni ma na tsaya a rumfar na karanta bayan ƙunshin, bari in taɓa. Kowane ɗaya bai wuce gram 20 zuwa 25 na sukari ba. An yi shi ne don wanda zai haura awa ɗaya da rabi yana gudu, irin masu tseren kilomita 42, waɗanda ake ba shawarar gram 30 zuwa 60 a kowace awa. Ke kuwa kafin jikinki ya tambayi abinci kin dawo gida. Ranar da kika kai wancan matsayin, dabino huɗu ko biyar cikin aljihu sun biya buƙata. Ƙuli-ƙuli, aya da kilishi ki bar su sai an dawo, mai da ɓawo ba sa narkewa da wuri, ciki zai murɗa a tsakiyar hanya. Kuɗin ki sa a gorar ruwa mai kyau, don zafin Afirilu a nan yana haura digiri 40. In kuma sai kin saya, duba ranar lalacewa. Kayan da suka kusa mutuwa sun fi kowa son baje koli.

Tambaya: Batirin ajiya na 50,000 mAh ne, amma bai fi salulata nauyi ba, kuma sau ɗaya yake cika ta. (Daga Gidan Rumji)

Amsa: Ɗan'uwa, lamba ka saya. Na 20,000 na gaskiya yana dosar rabin kilo, kuma ko shi kusan kashi biyu cikin uku kawai ke isa salula, sauran ya tafi a sauyin wuta da zafi. Kada ka bar wannan a caji ka kwanta.

Tambaya: Na sa manhajar Strava, mai zana taswirar hanyar da mutum ya bi, abokai suna ganin gudun da na yi. Akwai matsala? (Wani ma'aikaci, Sabon Gari)

Amsa: Malam, taswirarka tana farawa daga ƙofar gidanka, tana ƙarewa a ƙofar gidanka, ga ƙarfe nawa ka fita, ga ƙarfe nawa ka dawo, kowace safiya. Ɓarawo ma ba zai nemi fiye da haka ba. A farkon 2018 taswirar da wannan manhajar ta wallafa ta tona fasalin sansanonin soja a Afganistan da Siriya, don kawai sojoji na zagaye da agogo a hannu. Shiga wajen saitin sirri, ka mayar da shi mabiya kaɗai, ka ɓoye farko da ƙarshen hanya. Ni sai na kai bakin kwalta nake danna farawa. Kuma in manhajar wani agogo ta nemi izinin karanta saƙonninka da lambobin mutanenka kafin ta ƙirga maka taku, hana ta. A cikin saƙonnin nan ne lambobin sirrin tura kuɗi ke shigowa.