Nano, ƙwayar zarra da ɗan hakin da ka raina

Wata Hajiya daga Jidda ta rubuto cewa ɗanta yana karatu a Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha da ke Thuwal, a fannin fasahar nano. Da kakarsa ta Makka ta tambaye shi aikinsa, sai ya ce mata "ƙera ƙwayar zarra" yake yi. Hajiya na son sanin ko hakan daidai ne, da kuma karin maganar da ya dace da sana'ar.

Hajiya, Allah ya yi masa albarka, domin ya yi ƙoƙarin amsa wa kakarsa da harshenta, abin da yaranmu da yawa a nan suka daina. Sai dai amsar ta ɗan kauce.

Zarra daga Larabci muka samo ta, kuma kowa ya san ta daga ƙarshen Suratul Zalzala. A tsohon Larabci tana nufin ƙaramar tururuwa, ko ƙurar da ake gani tana yawo a hasken rana idan ya shigo ta taga. Daga baya masana kimiyya suka ba ta ma'anar ƙanƙanen ɓangaren da duk wani sinadari ya ginu da shi. Wannan kuwa ɗanki ba ya ƙera shi, da shi yake aiki. Kada kuma a haɗa ta da zarrar "wane ya yi zarra", wadda fifiko take nufi.

Nano kuwa awo ne. Asalinta daga Girkanci take, ma'anarta wada. A raba mita ɗaya kashi 1,000,000,000, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Mitsitsi ma bai kai nan ba, don mitsitsi ido na ganinsa. Shi ya sa nake ganin a bar ta nano, kamar yadda muka riƙe mita da kilo.

Batun "ƙera" shi ne ya fi jan hankalina. Ƙira tana tafiya da wuta da guduma. Abin da masu fasahar nano ke yi wajen haɗa ƙwaƙwalwar waya, wato ɗan faifan da ke sarrafa aikinta, ya fi kama da aikin marinan Ƙofar Mata a Kano. Marini yana ɗaure wani sashe na ƙyalle don kada baba ta kama shi. A nan ma ana shafa wa faifan silikon, wanda daga yashi ake tace shi, wani sinadari mai jin haske, a haska masa zane, a wanke, sannan a cinye wuraren da suka buɗe. Haka ake maimaitawa hawa bisa hawa. Wasu injinan kamfanin ASML na ƙasar Holan suna wannan zane da haske mai zangon nanomita 13.5, wato tsawon igiyar hasken ke nan. Ni "sassaƙa da haske" zan kira shi.

Karin magana kuwa ba sai an nema da nisa ba: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Mun saba faɗinsa kan mutumin da aka raina. A ɗakin aikin ɗanki kuwa zahiri ne, domin ƙura guda ta fi zanen girma, idan ta faɗa kai ta lalata shi. Dalilin ke nan da ake tace iskar ɗakin, ma'aikata kuma su rufe jiki ruf, har gashi da gemu.

Idan ya sake zuwa Makka, ya ce wa kakarsa zane yake sassaƙawa da haske, siririn da ko dubu aka jera bai kai kaurin gashinta guda ba.